Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hou Coi

Wancan satin na tsaya ne inda na sauka birnin Guangzhou na ƙasar Sin da kuɗin da ko rabin kwantena ba za su cika ba, don Kawu ya ce in yi gaba zai turo cikon. Kawun da har gobe in an zauna sai ya ce ai sa'a ta fi manyan kaya, wai duk abin da na samu a Sin sa'a ce kawai, kamar ba ni na kwana kan kwali a unguwar Xiaobei ta Guangzhou ba.

To sati uku ina jira, dillalin da zan ba kafin alƙalami na shadda kullum sai ya kira, ni kunya ta hana ni ɗagawa. Ranar wata Juma'a mun dawo daga masallacin Huaisheng sai muka tarar shagonsa a kulle, ya gudu da kuɗin mutane, har da na wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Tsohuwar da ke sayar mana da ruwan roba a ƙasan bene ta kalle ni ta ce hou coi, hou coi.

Yaren Kanton ne, na 'yan asalin garin da mutanen Hong Kong, ba Mandarin da muke ciniki da shi ba. Hou kyau kenan, coi kuma launi ne ko rabo, ita ce ma a sunan cacarsu ta Hong Kong. Amma yadda na fi jin suna faɗinta, sai mutum ya tsallake rijiya da baya, mota ta kusa kwashe ka ko ruwa ya sauko kana shiga gida, wato ka auna arziki. In abin ya same ka sai su ce m hou coi, wannan m ɗin baki a rufe ake yinta. Wanda kasuwa ke ta buɗe masa kuwa haang wan suke cewa, yana tafiya da sa'a.

Ni hou coi na yi ba haang wan ba, Kawu ya kasa gane wannan. Shekaru bayan nan a bikin Hajara ya miƙe gaban mutane wai da gangan ya riƙe kuɗin don jikinsa ya ba shi. Wallahi fili ya saya da su a Hotoro, Inna ce ta faɗa min kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ɗan Maraɗin nan ni na biya masa kuɗin jirgi. Labarinsa sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.