Daren jiya wajen 'yan okestira

Jiya wani abokin aikina ya ja ni kallon okestirar unguwarsu, wato taron makaɗa masu kayan kiɗan Turawa iri-iri, wallahi da ƙyar na yarda don na ɗauka gyangyaɗi kawai zan je yi. Ashe ba haka ba. Mutum wajen 40 ne a kan dandamali kuma ba wanda kiɗa ne sana'arsa, akwai nas, akwai malamin da ya yi ritaya, har da wata yarinya da ba ta wuce shekara 15 ba, sati-sati suke haɗuwa su gwada bayan an tashi aiki kuma ko sisi ba a biyansu.

Abin da ya fi burge ni ma tun kafin a fara ne. Mai busa obo, wata irin algaitar Turawa, ya saki sauti ɗaya tal, wanda suke ce wa A, sai masu bayolin, wato gogen Turawa, suka hau murɗa 'yan kunnuwan nan suna daidaita tsirkiyoyinsu huɗu da shi, hayaniya ta kaure, can sai tsit. Madugun ya ɗaga 'yar sandarsa, gashin jikina ya tashi.

Kuskure kam an yi, mai ƙaho ya kuɓuce sau biyu har ya runtse ido, amma dattijuwar da ke gefena ta fi kowa murna, ashe jikanta ne. Ni kuma da aka ɗan tsaya a tsakiyar kiɗan na zata an gama, na kama tafi ni kaɗai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu abokin nawa ya dame ni wai suna neman mai ganga. Na ce masa bari tukuna in koyi inda ake tafi.