Na yi MBA da warin albasa a jikina

Asabar ta farko da na shiga ajin, a ƙarshen 2022, na gefena ma'aikacin banki ne, ta bayana kuma a kamfanin sadarwa take aiki. Da layin gabatar da kai ya zo kaina na ce ni ɗan gwari ne daga kasuwar Mil 12 ta Legas, albasa da tumatir muke saukewa daga Arewa. Aka ɗan yi shiru, sannan malamin ya ce madalla, bana an samu wanda ya taɓa ganin kaya da idonsa. Har yau ban tantance ko yabo ne ko zolaya ba.

Tun ina firamare nake rumfar Baba, kuma da na gama bautar ƙasa littafin bashi aka damƙa mini. Abin da ya ja ni karatun MBA, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci, kwaɗayi ne, ba zan ɓoye ba. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na nan Legas, kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. Na ce mu da muke sauke tirela kusan kullum fa, me ya hana mu? Sai na zaɓi karatun ƙarshen mako wanda ya fi karkata ga kasuwancin ƙasa da ƙasa da fasahar zamani. Baba suka biya rabin kuɗin, suka ce, "Ka je, amma ranar Litinin in gan ka a rumfa." Daga Agege nake tashi bayan asuba, in hau gadar Third Mainland, in gosulon hanyar Lekki ya yi mini sauƙi in isa kafin a rufe ƙofa.

Wasu darussan don maki kawai na zauna musu. An daɗe ana ba mu labarin yadda Toyota ke sa kayan haɗa mota su iso daidai lokacin da ake buƙatarsu, ba ajiya. Abin sha'awa ne. Sai dai motar albasarmu in ta taso daga Aliero, direban kansa ba zai rantse maka da ranar isowa ba.

Darasin lissafin kuɗi ne ya biya ni, wanda kuma shi na fi tsoro. Malamar ta ce kowa ya ɗauki kasuwanci na gaske, ya ƙirga kwana nawa ne tsakanin fitar kuɗi daga hannu da dawowarsu. Na ɗauki namu. Aikin ya zo mini da sauƙi saboda ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa kowa a kasuwa komawa tiransifa. Matan da da sai sun kwance ɗaurin zani su ƙirgo maka kuɗi, yanzu OPay ko Moniepoint suke turowa, kowane alat da ranarsa. Na zuba su a manhajar lissafi ta Excel na jera da littafin bashi.

Abin da na gani ya ba ni kunya. Mu muna biyan manomi tun kafin a yi lodi a Kadawa ko Danja, mu biya direba, mu biya 'yan dako a take. Ƙananan masu saye kuwa, waɗanda ba ma ko ba su kujera, cikin kwana biyu zuwa uku suke cikawa. Wanda muke kira babban kwastoma, mai gidajen abinci, wanda ba ya tayawa, shi ne ke kai wata biyu bai biya ba. Jarin da ya isa ya je Arewa ya dawo sau da yawa yana kwance a wurinsa, mu kuwa muna murna ya saya da tsada.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin fetur. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ake lissafawa a wajen 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan makonni, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. A nan na gane abin da ake nufi da kasuwancin duniya. Da ina ɗauka sai mai zuwa Guangzhou ta China ko mai jiran kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya shafa. Ashe dala na cikin kwandon tumatir: irin da manomi ya shuka, maganin feshi, tayar tirela, kayan gyaranta, yawanci daga waje suke zuwa. Bashin da ya kwana wata biyu, in ya dawo ba ya sayen abin da ya fita da shi.

Na kai wa Baba takardar bayan isha'i. Suka duba, suka ajiye, suka ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutumin nan ya fi shekara goma yana saye a wurina." Na ce, "Baba, ban ce a kore shi ba. A yi masa farashi biyu, na kuɗi hannu da na jinkiri." Sai da suka tambayi malamin masallacinmu, ya ce ya halatta muddin an tsayar da ɗaya kafin a rabu, sannan suka yarda. Mutumin ya yi fushi na mako guda, ya dawo yana biya duk Juma'a.

A ɓangaren fasaha kuwa, inda na fi cika baki, a nan na sha ƙasa. Aikin rukuninmu na ƙarshe manhaja ce da za ta haɗa manomi da mai saye a Legas kai tsaye, ba dillali. Mun samu maki mai kyau, har da tafi. Na kawo ta kasuwa, mutum goma sha wani abu suka sauke don jin kunyata, ba wanda ya sake buɗewa. Kawuna, wanda dillanci ne sana'arsa, ya kira ni gefe yana dariya. "Ɗana, wa ke ranta wa manomi kuɗin taki? In mota ta kwana a hanya rabin kaya ya ruɓe, wa ke zama a raba asara? Wayar taka ce za ta san wace mata ce ke biya, wace ce ke gudu?" La'adar da muka rubuta a matsayin ɓarna, ashe kuɗin lamuni ne da inshora a haɗe. Mu shida muka yi wata uku a kan aikin, ciki har da ni da na tashi a kasuwar, ba wanda ya tambayi dillali ko ɗaya. A ajin ma an karanta mana M-Pesa ta Kenya, hanyar tura kuɗi ta waya wadda kamfanin sadarwa na Safaricom ya fara a 2007, kuma ƙarfinta a wakilan kan titi yake. Na ji, ban ɗauka ba.

Mai niyyar wannan karatu, in zai ji tawa, kada ya zo daga digirin farko kai tsaye. Ya zo da wata sana'a a hannu, wadda zai riƙa gwada abin da ya ji a kanta ranar Litinin, kuma ya koyi Excel tun kafin a fara. Abokan aji ma rabin kuɗin makaranta ne: ma'aikacin bankin nan shi ya nuna mini yadda bayanan asusun shekara guda ke zama hujjar neman jari.

Na gama a 2024. Manhajar na goge ta daga wayata; farashin safe har yanzu ta saƙon murya a WhatsApp yake zuwa daga Kano. Yanzu kiret ɗin roba muke gwadawa a maimakon kwando, don tumatir ɗin ƙasa ba ya matsewa. Matsalar ita ce kwando in an juye an gama da shi, kiret kuwa sai ya koma Arewa ba komai a ciki. Wa zai biya kuɗin komawar, mu ko manomi? Makonni uku ke nan ni da Kawu muna kai, Baba sun ce kada wanda ya sake kawo musu maganar sai mun daidaita.