Ni da Python jiya da dare

Wallahi jiya na sha fama, sunayen ɗalibai 40 na jera a Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ina so in adana su a fayil kar su ɓace in na kashe kwamfuta. Python yana zuwa kan suna mai ɗ sai ya tsaya cak wai UnicodeEncodeError, wato ya kasa rubuta harafin a fayil, ashe a Windows sai ka ƙara encoding="utf-8" cikin open, umarnin buɗe fayil, kafin ƙ da ɗ da ɓ su shiga. Ina sawa komai ya tafi lafiya lau. Abin da ya fi min ciwo, "w" da na sa cikin open ya goge sunayen da na fara ajiyewa, da "a" na sa da ƙarawa kawai zai yi a ƙasa. Yanzu json.dump, wata hanyar adana bayanai a fayil, nake gwadawa, Alhamdulillah.