Ƙarar da ta bi mu hanya a gaban tsohuwar 504

Jiya da daddare muka iso gida, ni da ƙanena, cikin tsohuwar Peugeot 504 da muka je ɗaukowa daga hannun wani dattijo da ya daina tuƙi. Motar ta daɗe a rufe cikin gareji, ana tada ta jifa-jifa amma ba a fita da ita. Kafin mu kama hanya mun juye baƙin mai, mun duba ruwan lagireto da man birki, mun sa sababbin tayoyi. Inji kam lafiya lau. Mota ce da aka sani da ƙarfin ƙafa: a 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, a kan hanyoyin da ke kakkarya motoci.

Farkon tafiyar kwalta ce sumul, babu abin faɗa. Sai da muka sauka kan burji mai gargada muka fara jin wata ƙara. Ƙwal, ƙwal, daga gaba, can ƙasa. Ƙanena ya rantse daga ɓangarensa take fitowa, ni kuma ina jin ta ƙarƙashin ƙafata. Muka tsaya, muka bi notunan taya ɗaya bayan ɗaya da sufana, duk a ɗaure. Muka buɗe bonet, muka girgiza batir, muka taɓa salansa bayan ta huce. Babu abin da ke motsi. Muna tashi ta dawo.

Na yi ta saurara ina tuƙi, domin ƙarar gaba ba abin wasa ba ce. Idan boljoyin ne, wato gaɓar da ke riƙe taya da ƙafar mota, ya ci har ya tsinke, taya na iya lanƙwashewa ana cikin gudu. Na san ba boris ba ne, shi gurnani yake yi, yana ƙaruwa da gudu, yana canza murya in an karkata sitiyari. Na ɗan taka birki a kan gargada ko za ta ɗauke, kamar yadda takan yi in takalmin birki ne ke rawa a mazauninsa. Ba ta ɗauke ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, mun hau tudun rage gudu a bakin wani ƙauye, tayoyin gaba biyu suka hau tare, ba mu ji komai ba. Amma da taya ɗaya ta faɗa ƙaramin rami, sai ƙwal.

A wani shingen binciken motoci muka gamu da mutumin da ya ɓata mana yini. Muna sauka gefen hanya ƙarar ta fito, ya ji ta sarai. Ya karɓi takardu, ya zagaya motar yana shurin taya, yana cewa wa ya bar mu muka fito da wannan gwangwani. Takardunmu cikakku ne, amma ya riƙe su ya tafi hira da abokan aikinsa, ya bar mu cikin rana. Da ya ga dama ya dawo ya wurgo su ta taga. Zagin motar bai dame ni ba kamar yadda sakacinsa ya dame ni. Ga mutum da aikinsa shi ne kare rayuka a hanya, ya ji ƙara a ƙafar gaba, yana da damar ya ce mu tsaya a duba, ko ya nuna mana inda makanike yake. Ko ɗaya bai yi ba.

Garejin farko da muka samu wani matashi ne a ciki. Bai shiga motar ba, bai tambaye mu yaushe take ƙarar ba. Ya sa jak ya ɗaga ɓangare ɗaya, ya girgiza taya, ya ce shaf ɗin gaba ne. Na ce masa 504 da tayoyin baya take ja, farfela ce ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya, babu shaf a gabanta. Bai ji kunya ba, nan take ya koma cewa to a canza shokazoba biyu da tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoyin gaba ɗaya, a cikinsu dai dole a dace. Kuɗin da ya yanka kuwa ba na wanda ya san abin da yake nema ba ne. Wannan ɗabi'a na sha ganinta a garejin da nake kai motata ta yau da kullum: a yi ta sauya kaya har ƙara ta gaji ta tafi, mai mota ya biya kuɗin lalube. A tsohuwar mota abin ya fi muni, don sau da yawa ƙarfen asali da za a cire ya fi sabon da za a sa inganci. Muka biya shi ladan ɗaga mota muka wuce a hankali.

Dab da magariba muka shiga wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, aka nuna mana gidan wani tsohon makanike da ya rage aiki. Yana ganin motar ya miƙe, ya shafa bonet. Na gaishe shi na ce, "Baba, ƙara ce ta hana mu sakat tun safe."

Ya ce, "Kada ka gaya min abin da kake zato, ɗana. Gaya min lokacin da take yi."

Ya jera tambayoyi. A kwalta ko a gargada? Tana bin gudu? In ka murza sitiyari a tsaye tana yi? In ka taka birki fa? Da na ambaci tudun da muka hau shiru da ramin da ya sa ta magana, ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Sannan ya shiga gefena, ya sa na bi wani lungu mai kwazazzabai a giya ta ɗaya, gilashi a sauke. Ya ce kada mu yarda da gefen da kunne ya nuna, ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi wani wuri, shi ya sa ni da ƙanena muka yi ta musu.

A bayan gidansa akwai ramin duba mota. Ya ƙi amfani da jak, kuma ya faɗi dalili. A gaban motar akwai sandar ƙarfe da ta ratsa daga hagu zuwa dama, wadda makanikai ke kira sitabilaiza, aikinta hana mota kwanciya a kwana. Kowane bakinta an haɗa shi da ƙafa da ɗan gajeren ƙarfe mai bushin roba. In tayoyi biyu suka hau tudu tare, sandar tana juyawa ne gaba ɗaya, babu abin da ke takura ta. In taya ɗaya ce ta motsa, sai sandar ta murɗe, nauyi ya faɗa kan ɗan ƙarfen, inda ya yi sako-sako ya buga. To in ka ɗaga ɓangare ɗaya da jak, ka murɗe sandar ke nan, ta ja ɗan ƙarfen ta ɗaure shi tam, ka taɓa ka ji kamar lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓoye wa matashin nan ke nan.

Ya shiga ramin da tocila, motar na tsaye kan tayoyinta, ya sa ƙanena ya riƙa girgiza ta daga gefe. Shi kuma yana ɗora tafin hannu kan kowace gaɓa. Ya ce hannu yana jin abin da ido ba ya gani. Ya kira ni na sauka, ya kama hannuna ya ɗora kan ɗan ƙarfen ɓangaren dama. Na ji bugun a yatsuna kafin in ji shi a kunne. Robar ta bushe ta farfashe, ƙarfe na taɓa ƙarfe. Ya ce roba shekaru ke cinye ta ko da mota ba ta tafiya, kuma motar da ta daɗe a ajiye ita ta fi yin haka.

Duk da haka bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya kwance ɗan ƙarfen, ya ɗaure bakin sandar da waya don kada ya taɓa komai, ya ce mu koma lungun nan a hankali, domin mota za ta fi kwanciya a kwana. Muka bi ramukan da muka bi ɗazu. Tsit. Sai da ya tabbatar haka sannan ya ɗaga gaban duka biyu, ya kama kowace taya sama da ƙasa ya girgiza don boljoyin da boris, ya kama ta hagu da dama don tayarod. Duk lafiya.

Dare ya yi, ya ce babu inda za mu je. Ya ba mu ɗaki, muka raba dare yana ba mu labarin motocin da suka bi ta hannunsa. Da safe ya zazzage wani tsohon akwati ya fito da bushin da suka dace, ya canza na ɓangarorin biyu, don wanda bai fara ƙara ba ma ya tsattsage. Bai ƙarasa ɗaure notunan ba sai da motar ta zauna kan tayoyinta, ya ce in an ɗaure roba ƙafa na rataye, za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Na miƙa masa kuɗi, ya ƙirga na robar kawai ya mayar min da saura. Na yi magiya, ya ce baƙo ba ya biyan kuɗin kwana a gidansa, aikin kuma bai kai a kira shi aiki ba.

Daga nan hanya ta miƙe. Mun haura duwatsun ba tare da inji ya yi zafi ba, ruwan sama ya tare mu a gangare, waifa ɗaya ta gaji muka tsaya har ya ɗauke. Wani shingen muka wuce, aka duba takardu cikin mutunci aka sallame mu. Sauran robobin ƙafar, na gaba da na baya, mako mai zuwa zan sa a bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda duk sa'annin juna ne.