Laraba: ganda da ƙwaƙwalwa

Hazo ya rufe Samaru yau, har ƙarfe tara rana ba ta fito sosai ba. Darasin safe kan halittar ɗan tayi ne, muka tsaya a kan fituwitari, ɗan ƙullutun nan da ke kwance cikin wani gurbi na ƙashi a ƙasan ƙwaƙwalwa. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram, amma shi ke juya ƙullutun maƙoshi, wato tayirod, da 'ya'yan maraina da kwan mace, har da tsawon da yaro zai yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne asalinsa biyu ne. Wajen mako na 4 da shigar ciki, fatar saman bakin ɗan tayi, wato gandarsa ta farko, sai ta lotsa sama ta zama 'yar jaka. Wani Bajamushe, Rathke, ya bayyana ta a 1838, har yau da sunansa ake kiranta. A daidai lokacin kuma ƙasan ƙwaƙwalwa na miƙo wani ɗan tsiro ƙasa. Su haɗu, su manne. Kafin wata na 2 ya ƙare jakar ta yanke hulɗa da baki gaba ɗaya. Na leƙa madubin ƙara girma, a yankan ɗan tayin ɓera, ga jakar nan ruwan hoda da ɗan rami a tsakiya, tsiron na jingine a bayanta. Na daɗe ban ɗago ba, sai da wadda ke bayana ta taɓo ni.

Ɓangaren gaba na fituwitari, wanda ya fito daga baki, shi ke yin homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, irin na girma da na kawo nono da sauransu. Na baya kuwa, wanda ya fito daga tsiron, ajiya kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ke sarrafa masa oksitosin na naƙuda da wanda ke hana jiki zubar da ruwa. Ko hanyar jininsu ba ɗaya ba ce. Na gaba yawancin jininsa ta wasu ƙananan jijiyoyi marasa ƙarfin bugu yake samu, ga shi yana ƙara girma lokacin goyon ciki. Shi ya sa in mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, shi ke fara mutuwa. Wani likitan Ingila, Sheehan, ya rubuta wannan a 1937.

Da yamma Keke Napep ya sauke ni a Tudun Wada. Ina cin tuwo ina ba Goggo labari, sai ta ajiye ludayi.

"Ke 'yar nan, to ai haka aka yi wa maƙwabciyarmu ta da. Ta yi jini sosai, aka yi ta ɗura mata kunun kanwa, nono ya ƙi zuwa. Al'ada ma ba ta ƙara gani ba, kullum kasala da jin sanyi. Dangin miji har cewa suka yi lalaci ne."

Na ce, "Goggo, tana nan da rai?"

"Tana Kofar Doka wajen ɗanta."

Na roƙe ta ta aika a kai ta asibitin Shika a auna jininta, domin in wannan ne, akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin abin da jiki ya daina yi. Ta ce Juma'a bayan masallaci za ta je da kanta. Ni kuma ga karatun maƙoshi na jirana, shi ma wai daga gindin harshe yake farowa ya gangaro wuya.