Abin da gwajin riga-kafi ke ganowa da abin da ke kuɓuce masa

Duk inda aka tayar da zancen riga-kafin yara, sai wani ya tambaya: an gwada allurar nan sosai kuwa kafin a tsira wa jariri? Tambayar tana kan hanya, balle a Kano, inda ba a manta da gwajin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba (ko da yake shi Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba riga-kafi ba).

Gwajin hawa uku ne. A hawan farko 'yan gomomin mutane ake yi wa, galibi manya. A na biyu ɗaruruwa, don a tantance yawan maganin da tazarar da za a bari tsakanin allurai. A na uku dubbai ne, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma daga likita har iyaye ba wanda ya san abin da aka ba kowane yaro. In cutar ba ta da riga-kafi a da, ana iya ba ɗaya gidan ruwan gishiri. In tana da shi, da tsohon ake auna sabon, domin ba za a bar yaro babu kariya da gangan ba. Masu suka kan kafa hujja da rashin gwadawa da ruwan gishirin, amma dalilin ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi. Illar da ke samun yaro ɗaya cikin 10,000 tana iya wucewa ba a tabbatar da ita ba a gwajin yara 10,000. Haka ta faru da RotaShield, ɗigon riga-kafin gudawa da Amurka ta amince da shi a 1998. Da ya shiga gari sai rahotanni suka fara zuwa na jariran da hanjinsu ya cusa cikin kansa, kamar hannun rigar da ya shige ciki wajen tuɓewa. A 1999 aka janye shi. Magadansa, Rotarix da RotaTeq, sai da aka gwada kowanne a kan jarirai sama da 60,000. Har yau akwai ragowar haɗarin, 'yan ƙalilan cikin 100,000, wanda bai kama ƙafar yawan jariran da gudawa ke kashewa ba.

Batun illar da za ta ɓulla bayan shekaru fa? Kusan duk illolin da aka tabbatar, cikin kwanaki ko makonni suke bayyana, jefi-jefi watanni. Zargin cewa allurar ƙyanda ta MMR na jawo otizim (larurar da ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane) ya samo asali ne daga rahoton wani likita, Andrew Wakefield, na 1998 kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar Lancet ta soke shi, aka kuma hana mai shi aikin likita. A Denmak an bi diddigin yara sama da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba.

Abin da ya fi cancantar a sa wa ido a ɗakin allura shi ne ajiya da hannun ma'aikaci. Ana ajiye yawancin allurai a sanyin digiri 2 zuwa 8. Penta, allurar da ke kare jariri daga cututtuka biyar, in ta daskare ta lalace. Ta ƙyanda gari ce da ake narkawa da ruwanta na musamman, kuma awa 6 bayan haɗawa, ko in an tashi aiki kafin nan, zubar da ita ake yi, don ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a kwalbar. A ƙasar Samowa a 2018 jarirai biyu sun rasu domin an narka allurar da wani magani maimakon ruwanta. Iyaye suka ƙaurace wa riga-kafi, ƙyanda ta ɓarke a 2019, ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara.

Uwa ta ɗan zauna kamar minti 15 bayan allura kafin ta goya ɗanta, saboda kumburin fuska da sarƙewar numfashi, in za su zo, nan take suke zuwa, maganinsu kuma yana asibiti. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayan penta ba abin tayar da hankali ba ne. Na ƙyanda kuwa sai bayan mako guda yake leƙowa. Amma in cikin mako bayan ɗigon gudawa jariri ya riƙa tsala ihu yana naɗe ƙafafu, da amai, da kashi mai jini da majina, a garzaya asibiti a ranar, a tafi da katin allura, a kuma nemi a rubuta lambar kwalbar a rahoton.