Tafiya Zuwa Inda Rana Ba Ta Faɗuwa

A tsakiyar watan Yuni na sauka Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, da niyyar in nausa arewa har in ga wurin da ake cewa rana ba ta faɗuwa. Tun a nan al'amarin ya fara ba ni mamaki, domin birnin yana kusa da digiri 60 arewa da ikwaita, kuma yininsa a wannan lokaci yana kusan kai awa 19. Sai bayan ƙarfe goma da rabi na dare rana ta faɗi, can wajen arewa maso yamma, kafin ƙarfe huɗu na asuba kuwa har ta sake ɓullowa ta arewa maso gabas.

Daga Oslo na hau jirgin ƙasa zuwa Trondheim, inda yini ya haura awa 20, daren kuma bai wuce hasken almuru ba, wanda ba ya gama gushewa har gari ya waye. Daga can na kama layin dogo mai tsawon kilomita 729 zuwa Bodo. A kan tsaunukan Saltfjellet, inda itatuwa suka ƙare sai duwatsu da ragowar ƙanƙara, jirgin ya tsallaka layin Aktik, wato layin da ake zanawa a taswira a kusan digiri 66 da rabi arewa da ikwaita. Babu abin da ido zai gani ya sauya a wurin, amma daga nan zuwa arewa akwai aƙalla yini guda a shekara da rana ba ta nitsewa. Sauran hanyar zuwa birnin Tromso, inda na nufa, a jirgin ruwa na yi ta.

Tromso tana wajen digiri 69 da rabi, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a can. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take tafiya. Ko da tsakar rana ba ta hawa tsakiyar ka, iyakarta digiri 44 daga doron ƙasa ta ɓangaren kudu, shi ya sa da na tsaya a fili sai na ga inuwata ta yi daidai da tsayina. Daga nan sai ta riƙa gangarowa a karkace, ta bi yamma, ta zarce arewa, tana kewaya gari kamar mai ɗawafi.

Da dare na hau motar igiya, wadda ke tafiya a rataye a sama, zuwa dutsen Storsteinen mai tsayin mita 421, wanda ya leƙo birnin. Wajen ƙarfe ɗaya saura kwata rana ta kai iyakar saukarta, tana arewa sosai, tsakaninta da doron ƙasa bai wuce digiri 3 ba. Haskenta ya yi ja-ja kamar na la'asar sakaliya, babu zafi ko kaɗan, inuwata kuma ta miƙe kudu a kan duwatsu har ba na iya ganin ƙarshenta. Ta ɗan jima tana shafar kawunan tsaunuka, sannan ta fara hawa ba tare da ta ɓace ba. A ganina, wanda ya tsaya ya kalli wannan sau ɗaya ya fi gane karkatar duniya a kan wanda ya haddace ta a aji.

Dalilin kuwa shi ne duniya tana juyawa ne a karkace da digiri 23.4, saboda haka a wajen 21 ga Yuni rabinta na arewa ne yake fuskantar rana, ƙuryar arewa kuma ba ta shiga inuwa duk juyawar da za a yi. Kusanci da rana ba shi da hannu a ciki, hasali ma a farkon Yuli duniya ta fi nisa da ita, kimanin kilomita miliyan 152, alhali a farkon Janairu miliyan 147 ne. Idan Disamba ta zo sai lamarin ya juye: yinin Oslo ba ya cika awa 6, a Tromso kuwa rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, sai ɗan haske mai shuɗi-shuɗi da ake samu na 'yan awoyi da tsakar rana.